Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Amid da ya koya wa tagulla miƙa hannu

Sarkin Amid, Nasiruddin Mahmud, ba ya son bawa ko kuyanga su tsaya a kansa suna zuba masa ruwa idan ya zo alwala. Sai ya kira babban injiniyan fadarsa, ya nemi a ƙera masa abin da zai riƙa zuba ruwan ba tare da hannun ɗan Adam ba. Injiniyan ya koma maƙerarsa, ya dawo da wani babban shantali na tagulla wanda hadimi zai ajiye a gefen tasa ya ja da baya. Jim kaɗan tsuntsun da ke bisa murfin ya yi fito, ruwa ya fara zuba da kansa har sarki ya idar. Wannan ya faru ne fiye da shekara 800 da suka shige, a birnin da yanzu ake kira Diyarbakir, kudu maso gabashin Turkiyya. Mai ƙirar shi ne Badi'uz Zaman Abul Izz ɗan Isma'il ɗan Razzaz al-Jazari, wanda duniya ta fi sani da Isma'il al-Jazari.

Sunansa kaɗai ya ƙunshi rabin tarihinsa. Al-Jazari nasaba ce zuwa Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu ta wajen arewa, inda iyakokin Turkiyya da Siriya da Iraƙi suka haɗu a yau. Razzaz a Larabce mai sayar da shinkafa ne, abin da ke nuna cewa zuriyarsa ta kasuwa ce da sana'a. Badi'uz Zaman kuwa laƙabi ne na girmamawa, ma'anarsa wanda babu kamarsa a zamaninsa. Masana tarihi sukan sanya haihuwarsa a 1136. Kusan duk abin da aka riƙe game da rayuwarsa daga gabatarwar littafinsa ya fito, kuma mutumin bai ɓata tawada a kan kansa ba: ya ambaci sarakunan da ya yi wa aiki, ya ambaci magabatan da ya karanta, sannan ya shiga maganar tagulla da ruwa.

Gidan sarautar da ya yi wa hidima shi ne na Banu Artuƙ, Turkawan da suka mallaki Hisn Kaifa da Mardin tun farkon ƙarni na 12. Zamani ne na yaƙe-yaƙen Salibiyya, ƙananan masarautu suna neman inuwar manya. A 1183 Salahuddin al-Ayyubi ya ci birnin Amid, mai ganuwar baƙin dutse, ya danƙa shi ga Nuruddin Muhammad, sarkin Hisn Kaifa, saboda goyon bayan da ya ba shi. Al-Jazari ya fara aiki a ƙarƙashin wannan Nuruddin, ya ci gaba a zamanin ɗansa Ƙuɗbuddin Sukman bayan 1185, sannan ya shiga hannun ɗaya ɗan, Nasiruddin Mahmud, wanda ya hau gado wajen 1200. Da ya zo rubuta littafinsa, ya lissafa shekara 25 yana yi wa gidan aiki. Uba da 'ya'ya biyu sun riƙe shi, kuma a fadar da ake sauya bayi da barori duk lokacin da aka yi sabon sarki, wannan shaida ce babba a kan darajar hannunsa.

Littafin ma ba shawarar kansa ba ce. Ya ba da labarin cewa wata rana ya kawo wa Nasiruddin wata na'ura da aka sa shi ƙerawa. Sarkin ya duba ta da kyau, ya yaba, sannan ya nuna masa damuwa cewa irin wannan wahala za ta salwanta in ba a rubuta ta ba, ya umarce shi da ya tattara abin da ya ƙera a littafi guda tare da zane. Aka kammala shi a shekarar 602 bayan Hijira, daidai da 1206. Sunansa na Larabci yana nufin littafin da ya haɗa ilimi da aiki mai amfani a sana'ar na'urori, ko da yake an fi kiran sa da gajeren suna, Kitab al-Hiyal, wato littafin dabaru. Na'urori 50 ne a ciki, an kasa su gida shida: agogunan ruwa da na kyandir guda 10, kayan majalisar sha guda 10, butoci da tasoshin alwala da na fitar da jini guda 10, maɓuɓɓugan ƙawa da na'urorin busa guda 10, injinan ɗaga ruwa guda 5, sai wasu 5 na daban, cikinsu har da ƙofar fada da kwaɗo mai buɗewa da haruffa.

Wanda duk ke sha'awar mutum-mutumi, kashi na uku ne zai fi tsayar da shi, domin a nan ne al-Jazari ya fuskanci matsalar hannu. Akwai wata tasa da ya yi mai siffar hadimi a durƙushe bisa dakali, buta a hannun dama, tawul da mataji a hannun hagu. Ruwa yana zuba daga butar, mai alwala yana wanka gaɓoɓinsa, ruwan da aka yi amfani da shi yana taruwa a tasa. Sai wata agwagwar tagulla da ke bakin tasar ta zuƙe shi, ya gangara cikin wani tanki a ɓoye ƙarƙashin dakalin. A cikin tankin akwai wata rufaffiyar ƙwarya ta ƙarfe mai tasowa a kan ruwa, kamar goran masunta. Yayin da ruwan ke ƙaruwa goran yana hawa, igiyar da ke haɗe da shi tana motsa gwiwar hannun, har hadimin ya miƙo tawul a daidai lokacin da mai alwala ya gama. Ba a sa masa agogo ba. Ruwan da aka zubar shi ne ke gaya wa na'urar cewa an kai ƙarshe.

Wata tasar mai ɗawisu ta fi wannan tsari. Ruwa yana fitowa ta bakin ɗawisun, kuma gora biyu ne a cikin gindin, ɗaya sama da ɗaya. Idan ruwan datti ya kai matakin farko, ƙofa ta buɗe, ɗan hadimi ya fito da abin wanke hannu. Idan ya kai mataki na biyu, wata ƙofar ta buɗe, wani ya fito da tawul. Haka ya yi da tasoshin fitar da jini, wanda a zamanin magani ne da likitoci ke yawan yi ta hanyar tsaga jijiya. Jinin yana sauka cikin ma'auni a ƙarƙashin tasa, gora ya tashi, siffar wani malami mai sanda ta juya tana nuna adadin dirhamin jinin da ya fita, don kada a wuce kima. A nan wasa ya koma aikin ceton rai, domin marar lafiya da likitansa duka suna kallon lambar da idonsu.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, hannuwan al-Jazari ba sa damƙa. Yatsunsu zubi ne, a sandare suke. Tawul rataye shi ake yi, kofi kuma ajiye shi ake yi a tafin. Abin da ke motsi shi ne kafaɗa da gwiwar hannu. Na'urar da ta yi kama da madamƙi a tsofaffin littattafan Larabci tana cikin littafin Banu Musa, 'yan'uwa uku na Bagadaza a ƙarni na 9, waɗanda suka siffanta wasu ɓarin tagulla biyu masu haƙora da ake saukarwa da igiya cikin kogi, a ja wata igiyar su haɗe baki su cafko abin da ke ƙasa. Al-Jazari ya san aikin Banu Musa, ya ambace su a babin maɓuɓɓugai, har ya nuna inda tsarinsu bai gamsar da shi ba. Gudummawarsa ta fi ƙarfi a wani wuri dabam, wato a tambayar da ke bayan kowane hannu na inji: yaushe zai fara motsi, ina zai tsaya, kuma me zai sanar da shi?

Amsarsa mafi kyau tana cikin na'ura ta farko a littafin, babban agogon ruwa mai siffar fada, wanda tsawonsa ya haura mita uku. A fuskarsa akwai ƙofofi 12 da ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da faifan buruji mai nuna matsayin rana da wata, da shaho biyu masu jefa ƙwallayen ƙarfe cikin kofuna, da makaɗa biyar masu ganguna da kakaki. Duk wannan ado yana rataye ne a kan abu ɗaya: ruwa ya riƙa fita daga babban tanki da gudu iri ɗaya daga safe har yamma. Kowace mace da ta taɓa tsiyayar ruwa daga durom mai famfo ta san matsalar, idan durom ya cika ruwa da ƙarfi yake fita, idan ya yi ƙasa sai ya koma ɗiga. Maganin da al-Jazari ya yi amfani da shi, wanda ya gāda daga wani tsohon littafi da ake jingina wa Arkimidas na Girka, shi ne ƙaramin ɗaki tsakanin tanki da mafita. A cikinsa akwai gora mai ɗauke da toshe mai tsini. Ruwa ya yi yawa, gora ya hau ya toshe bakin bututu. Ruwa ya ragu, gora ya sauka ya buɗe. Na'urar tana auna sakamakon aikinta, tana gyara kanta da shi, babu hutu.

Wannan ita ce ƙa'idar da ke cikin ɗan injin da ake kira sarbo, wanda ɗalibai da masu sha'awar haɗa mutum-mutumi ke saya a yau don motsa yatsun madamƙi. A cikin akwatinsa, wanda bai fi kwalin ashana ba, akwai ƙaramar mota ta lantarki, da jerin faifai masu haƙora da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, da ma'aunin juyi irin maɓallin ƙara muryar rediyo. Ana aika masa umarni sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon kowane bugu, tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, shi ke faɗa masa kusurwar da ake so. Shi kuma yana gwada inda yake da inda aka ce ya je, ya juya har bambancin ya ƙare. Aikin da ma'aunin juyi ke yi a nan shi ne aikin goran al-Jazari. Yatsun madamƙin ma galibi ana haɗa gindinsu ne da ɓarin faifai mai haƙora, don ɗaya ya juya ɗaya ya bi shi, kuma irin wannan faifan da haƙoransa ba su zagaye shi duka ba yana cikin zanen injinansa na ɗaga ruwa. Har iyakar sarbon tana tuna wa mutum da hadiman Amid: ya san wuri, bai san nauyi ba. In aka umarce shi ya rufe yatsu fiye da kaurin abin da ya kama, zai yi ta turawa yana zuƙar wuta har ya yi zafi ko haƙoran roba su kakkarye. Shi ya sa masu gwaninta ke sa roba mai laushi a bakin yatsun, ko su sa sifirin a tsakani, ko su riƙa auna wutar da injin ke ja.

Kalmomin ma sun zo da wani dace. Sarbo daga kalmar Latin ce mai ma'anar bawa, kuma injiniyan Faransa Joseph Farcot ne ya yaɗa ta da littafinsa na 1873 a kan injin da ke biyayya ga hannun matuƙi. Kalmar robot kuwa ta fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Capek na 1920, daga kalmar harshen Cek mai nufin aikin tilas. Sarkin Amid da ya gaji da ganin bawa a kansa ya nemi bawan tagulla ne, kuma masu fasahar da suka zo bayansa da ƙarni bakwai ba su sami wani suna da ya wuce wannan ba.

Agogon giwa shi ne aikinsa da ya fi shahara a idon jama'a, saboda kyan zanensa. A cikin cikin giwar akwai tanki, a kan ruwan akwai kwano mai ƙaramin huji a gindi, wanda ke nutsewa a hankali cikin rabin sa'a. Yana nutsewa yana jan igiyar da ke juya wani magatakarda a bayan giwar, alƙalaminsa yana nuna mintoci. Idan ya nutse sarai, sai ya saki ƙwallo daga hasumiyar da ke sama. Ƙwallon ya faɗo ta bakin shaho zuwa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, sunkuyawar ta ja sarƙa ta tsamo kwanon daga ruwa ta zubar da abin da ke ciki, mai korar giwa ya buga sandarsa, komai ya koma farko. Na'ura ce mai ɗana kanta da kanta muddin ƙwallaye ba su ƙare ba. Akwai kuma jirgin ruwa mai makaɗa huɗu da ake sakawa a tafkin fada, inda wani gungume mai turaku ke juyawa yana taɓa sandunan da ke ɗaga hannuwan makaɗan, da wata kuyanga da ke fitowa daga kabad da kofi bayan kowane minti bakwai ko kusa da haka. Waɗannan kayan nishaɗin majalisar sarki ne, kuma marubucin bai ɓoye hakan ba.

Injinan ɗaga ruwa biyar su ne suka fi kusa da rayuwar talaka. Na farko jigo ne da dabba ke juyawa ta hanyar faifai masu haƙora. A na huɗu ya yi amfani da lanƙwasasshen sandan juyi wanda ke mai da zagaye ya zama hawa da sauka. Na biyar famfo ne mai fistin biyu suna kallon juna, ƙarfin kogi ke tuƙa shi, ɗaya yana zuƙa ɗaya yana turawa, da bawul-bawul masu barin ruwa ya wuce ta fuska ɗaya kawai. Masana tarihin fasaha suna lissafa shi cikin tsofaffin famfunan da aka sani masu zuƙo ruwa ta bututu.

Amma wanda ya karanta littafin a natse zai ga cewa darajarsa ta fi yawa a ƙananan bayanai. Masu sana'a na wancan zamani, kamar na ko'ina, ɓoye sirri suke yi, ɗa ya gāda daga uba, in zuriya ta yanke ilimin ya bi ta. Al-Jazari ya rubuta komai. Yana faɗin tsawon kowane ƙarfe da taƙi da yatsa, yana sa wa kowane sashe harafi a zane, yana bi daki-daki daga abin da za a fara ƙerawa zuwa yadda za a harhaɗa. Ya bayyana yadda ake manna katako falle-falle don kada ya kantare, da yadda ake daidaita nauyin babban gargare har ya tsaya a duk inda aka bar shi, da yadda ake fara gwada ƙira da takarda kafin a taɓa ƙarfe, da yadda ake goga toshe da mazauninsa da garin dutse mai kaifi har su haɗu ruwa ba ya ɗiga, da yadda ake zubin tagulla a rufaffen akwatin yashi. Hujin da ruwan agogo ke bi ta ciki, a jikin dutse mai tauri yake huda shi ƙarami, ya riƙa faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan yana gwadawa har gudun ya yi daidai. Da ya gwada ma'aunin da magabata suka bari na daidaita agogo da tsawon yini a rani da hunturu, ya tarar ba ya ba da sa'a daidai, sai ya faɗi haka a fili, ya yi ta sake shi har ya dace. Ya kuma nuna cewa abin da ya ƙera da hannunsa ya ga yana aiki shi yake rubutawa. Duk ɗalibin da ya taɓa kwana yana fama da madamƙin da ke sakin abin da ya kama zai gane irin wannan haƙuri.

A shekarun nan an yawaita kiran sa uban mutum-mutumi, wasu ma suna cewa daga gare shi Leonardo da Vinci ya ɗauko dabarunsa. Son a yi alfahari da shi abin fahimta ne, sai dai yabon da ya wuce hujja rage wa mutum daraja yake yi. Girkawa irin su Filon da Heron sun yi siffofi masu motsi tun kafin zuwan Musulunci, kuma shi da kansa bai yi da'awar cewa shi ya fara ba. Littafinsa bai shiga cikin waɗanda aka fassara zuwa Latin a zamanin da aka fassara Ibn Sina da al-Khwarizmi ba, don haka zancen Leonardo hasashe ne. Mutum-mutumin masana'antu na farko, Unimate, wanda ya fara aiki a wata masana'antar General Motors a Amurka a 1961, ta wata hanya dabam ya biyo. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, babu wani littafin aikin injiniya da ya tsira daga wancan zamani, a Gabas ko a Yamma, da ya kai nasa cikar bayani a kan yadda ake ƙera na'ura tun daga farko har ƙarshe.

Masana sun fi karkata ga cewa ya rasu a 1206, shekarar da aka gama littafin. Daular da ya yi wa aiki ba ta daɗe a Amid ba bayansa, domin a 1232 sarkin Masar al-Kamil ya ƙwace birnin. Babu ko ɗaya daga cikin na'urorinsa da ta iso wannan zamani. Tagulla narkar da ita ake yi in an shiga yaƙi ko talauci, katako kuwa gara ce ke gamawa da shi. Shawarar Nasiruddin Mahmud ce ta cece shi, domin magatakarda sun ci gaba da kwafar littafin a Sham da Masar har ƙarnoni. Kwafi mafi tsufa, na 1206, yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. Wasu kwafe-kwafe na 1315 da 1354 an yayyage shafukansu saboda kyan zanen, an sayar da su ɗai-ɗai, yanzu suna warwatse a gidajen tarihi na Amurka da Turai.

Masana biyu na Jamus, Eilhard Wiedemann da Fritz Hauser, su suka fara nazarin na'urorin da idon injiniya a farkon ƙarni na 20. A 1974 injiniyan Birtaniya Donald Hill ya fitar da cikakkiyar fassara ta Ingilishi, a 1979 kuma Ahmad Yusuf al-Hassan ya buga tantataccen matanin Larabci a Jami'ar Halab. Tsakanin waɗannan biyu, a 1976, lokacin bikin nuna al'adun duniyar Musulunci a Landan, an bi bayanin littafin aka gina babban agogon ruwan da cikakken girmansa, aka zuba masa ruwa, ya kuwa yi aiki. Wani katafaren kwafin agogon giwa yana tsaye a kasuwar zamani ta Ibn Battuta da ke Dubai. Hisn Kaifa kuwa, wato Hasankeyf, tsohuwar hedikwatar sarakunan da ya yi wa hidima, ruwan madatsar Ilisu ya shanye mafi yawanta a 2020.